Yadda Tashar Jirgi Ta Zama Unguwar Nomau

Duk wanda ya san Kawu Nomau a cikinku, na tabbata tafiyarsa ce za ta fara faɗo masa a rai. Mutum dogo, ƙafafu zaƙo-zaƙo, amma taku ɗan mitsitsi, cas, cas, cas, kai a duƙe yana kallon ƙasa, hannu ɗaya a baya. Aikin reluwe ne ya bar masa wannan. A can wajen Funtuwa ya yi shi, kullum safiya ya saɓa guduma ya bi layin dogo a ƙasa, yana taka katakan da aka shimfiɗa ƙarƙashin ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa noti ko akwai wanda ya saki. Shi ya bar aikin, ƙafafun ne suka ƙi bari. Ko masallaci za shi, ko gona, ko zaman makoki, da takun nan yake zuwa.

Kun tuna ranar da wani bijimi ya tsinke igiya a hanyar kasuwar Kusada? Kowa ya ranta a na kare, wasu kan katanga, wasu cikin gonar rogo. Ni kaina, da girmana da babbar rigata, sai ga ni a kan reshen dalbejiya. Na leƙo ƙasa, sai ga Kawu yana gudu shi ma, amma da takun nan dai, cas-cas-cas, sauri kawai ya ƙara.

Na ce, “Kawu, buɗe ƙafa mana!”

Ko juyowa bai yi ba ya ce, “Kai Lawali, in na tsallake katako guda, wa za ya duba shi?”

Wallahi bijimin ma tsayawa ya yi yana kallonsa.

To, kun ce ni zan yi magana a kansa yau da muka taru sadakar shekararsa, tunda ni ne ɗan ƙanwarsa, kuma ni na riƙe makarantar garin nan har na yi ritaya. Zan ba ku dariya, don shi mutum ne da ba a tuna shi da fuska a murtuke. Amma akwai abin da na yi masa a kan sunan garin nan. Rabinsa kun sani, rabinsa ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma yau zan faɗa.

Bari in fara da asali, saboda baƙi da waɗanda suka taso daga baya. Yanzu in an tambaye ku ’yan ina ne, sai ku ce Unguwar Nomau. Mu kuwa Tashar Jirgi muka sani. Garin da babu ko guntun ƙarfen layi a cikinsa, daga nan har Kankia, daga nan har Kusada, amma sunansa Tashar Jirgi.

Yadda abin ya faru, Kawu ya zo hutu ganin gida a Kusada, lokacin yana sabon aure da Inna Kulu, ga ta nan zaune, ta gyara mani in na yi kuskure. Ya kama hanyar Kankia a ƙasa, ya yanke ta daji, sai ya tarar da ’yan safiyo da na’urarsu mai ƙafa uku suna dasa turakun siminti a jere. Ya tambayi wani lebura me ake yi. Leburan ya ce hanya ce gwamnati za ta fitar. Shi ke nan fa, Kawu bai ƙara tambaya ba. Ya taka tsakanin turakun da takunsa, ya kanne ido ɗaya ya hango su a miƙe sambal, ya ce babu abin da ke son miƙewa haka a duniya sai jirgin ƙasa. Ya koma Funtuwa ya ajiye aiki, ya ɗauko amaryarsa, ya nemi izinin dagaci, ya kafa bukka a gindin tsamiyar nan da muke zaune ƙarƙashinta, ya haƙa rijiya. Sannan ya shiga bi gida-gida, Kusada, Rimaye, har Kafinsoli.

“Ku taho tun da wuri,” yake ce masu. “Ranar da jirgi ya tsaya a nan, ko wurin aje tabarma ba ku samu. Na gani da idona a Funtuwa, mai sai da ruwan sha ma gidan kwano gare shi.”

Magidanta bakwai suka yarda suka biyo shi da iyalansu. Mahaifina na cikinsu, ya bar fadama mai kyau a bayan Kusada ya zo nan ya sare daji.

Damina biyu ana jira. A ta uku sai ga Arɗo da garken shanu, ya shigo ta tsakanin turakun nan tiryan-tiryan. Ashe burtali ne aka shata, hanyar shanu! Mutanen gari suka fito suka yi cirko-cirko, kowa ya zuba wa Kawu ido. Shi kuwa ko gezau. Ya je ya tari Arɗo, suka gaisa, ya ce masa, “Ku bi a hankali, aro na ba ku kafin mai wurin shi zo.”

Arɗo ya ce, “Wane ne mai wurin?”

Kawu ya ce, “In ka ji kukansa ba ka tambaya.”

Daga ranar ya ɗora wa kansa aikin tsaron layi. Ya sa tela ya ɗinka masa tuta biyu, ja da kore, ya fito da tsohon usur ɗinsa na wurin aiki. Duk sa’ad da shanu za su ratsa gari, sai ya tsaya a mararrabar da ke gaban masallaci, ya busa usur, ya ɗaga jan tuta. Ba mai wucewa sai bindin saniyar ƙarshe ya shige. Ko mahaifiyata, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, bai ɗaga mata ƙafa ba. Ta ɗauko tuwo a ka za ta kai gona, ga rana, ya tare ta.

Ta ce, “Haba Yaya, shanu ne fa! Guda nawa ne ma?”

Ya ce, “Ki saba tsayawa ma shanu, ranar da jirgi ya zo ba a kwashe ki a tabarma ba.”

Ta ce, “Tuwon zai huce.”

Ya ce, “Mijinki shi ci da sanyi, ya dai ci daga hannun mai rai.”

Filin da ke tsakanin turakun kuwa, ba gini, ba shuka, ba ko turken akuya. Ko’ina a ƙasar nan gonaki sun cinye burtali, amma namu yana nan fes, har Fulani kan aiko masa da ƙwaryar nono don godiya, shi kuma ya karɓa ya ce kuɗin tikiti ne. Wata damina Inna Kulu ta ga wuri ya sha taki yana zaman banza, ta lallaɓa ta shuka kuɓewa layi uku a gefe. Ta fito, ta yi kyau, har ta fara fure. Kawu ya bi ta da takunsa ya tuge ta tas, ya ɗaure ya kawo mata har ɗaki.

Ta ce, “Nomau, jirgin naka kuɓewa za ta kayar da shi?”

Ya ce, “Daga kuɓewa ake farawa. Bana kuɓewa, baɗi rumbu, baɗin baɗaɗa wani Alhaji shi yi shago. In injiniya ya zo ya ga shago, sai shi karkata layi shi kai ma mutanen Rimaye.”

Kwana uku tana yi masa miya ba yauƙi, ba gishiri. Kullum ya cinye tas. A na huɗu ya ce, “Kulu, miyar ga ta yi daidai da ta kantin reluwe, Allah shi yi maki albarka.” Ga ta can tana dariya, ku tambaye ta in ƙarya nake.

Duk wannan a cikin gari abin raha ne. A waje kuwa abin kunya ne, ni dai haka na ɗauke shi. In ka je tashar mota a Kankia ka ce Tashar Jirgi za ka sauka, sai ’yan kamasho su kwashe da ihu. “Malam, ka makara ne, jirgin ya tashi? A ba Malam gaba, fasinjan jirgi ne!” Wata rana a taron malamai, wani babba daga ofishin ilimi ya tsayar da jawabinsa ya ce in yanko masa tikitin Legas in na koma gida. Ɗaki ya ɗauki dariya. Ni ma na yi. Ina hedimasta, da furfura a gemuna, ana yi mani dariyar garinmu kamar mu duka mahaukata ne. Abin ya daɗe yana cina.

Sai Allah ya kawo aka ba mu ginin makaranta na bulo, muka bar rumfar kara. Aka aiko da takarda daga sakatariya a cike sunan gari, wanda za a rubuta a allon ƙofar makaranta, kuma da shi za a riƙa kiran wurin a duk takardun hukuma. Takardar a hannuna ta sauka. Muka taru a nan gindin tsamiya, na kawo shawarar a sa Unguwar Nomau. Ai haka ake yi ko’ina, wanda ya sari gari sunansa gari ke ɗauka. Kowa ya ce madalla. Mun zaci Kawu zai yi murna har ya yi mana addu’a.

Ya miƙe tsaye ya ce, “Ni jirgi ne? An taɓa hawana a tafi Gusau?”

Aka fashe da dariya, aka watse ba a yanke komai ba. Wannan duk kun sani. Ga abin da ba ku sani ba.

Bayan la’asar Kawu ya aiko in same shi a kan layi, haka yake kiran burtalin. Muka jera, ni ina ta ƙoƙarin rage takuna don kada in bar shi a baya. Mun yi nisa, sai da muka kai saitin maƙabarta ya tsaya.

Ya ce, “Lawali, kana zaton ban san saniya ba in na gan ta? Tun ranar da Arɗo ya shigo na san abin da turakun ga suke nufi.”

Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Ya ce, “Mutum bakwai na taso daga gidajensu. Ubanka ya bar fadama sabili da maganata. Biyar cikinsu ga su nan kwance, ba wanda ya taɓa ce mani na cuce shi, ko sau guda. Muddin sunan ga shina nan, alkawarina shina nan, jira kawai ake. Ranar da kuka goge shi, na zama mutumin da ya yi ma jama’a ƙarya ya kawo su daji. In na tarar da su can, mi zan ce masu? Ka bar mani sunan har in mutu. Bayan nan ku sa ma garin abin da kuka ga dama.”

Na ce, “To Kawu, in sha Allahu.”

Washegari na zauna a ofis na ɗauki biro na rubuta Unguwar Nomau. Na ce wa raina girmama shi nake yi. Ƙarya ne, jama’a. Dariyar ’yan kamasho nake gudu, ita ta fi mani nauyi a kan roƙon tsohon nan. Ya ce in jira ya mutu kawai, na kasa.

Da allon ya iso aka kafa, sai hankalina ya tashi. Abin da ya rufa mani asiri, Kawu bai san boko ba, karatunsa na allo ne. Na bi ku ɗaya bayan ɗaya na ce a yi shiru, na ce maku daga sakatariya aka canza. Kuka yarda. Kada wani ya sunkuyar da kai, ni na ja ku. Sai garinmu ya zama mai suna biyu, ɗaya na gaban Kawu, ɗaya na bayan idonsa. Masu rigakafi in sun zo, a bakin gari ake tare su a karanta masu darasi. Malaman zaɓe haka. Har liman sai da ya koyi yin tari in baƙo ya fara ambaton sabon sunan a masallaci.

Ranar da aka kafa allon, Kawu ya zo cikin tsohuwar rigar kakinsa, ya zagaya allon sau biyu, ya girgiza ƙafafunsa ya ji ko sun kafu. Ya ce, “Lawali, karanta mani.”

Na gyara murya na ce, “Makarantar Firamare ta Tashar Jirgi.”

Ya ce, “Ƙara.”

Na ƙara. Ya gyaɗa kai ya ce, “To, gwamnati ma ta yarda. Saura ƙarfe.”

Daga nan allon ya shiga cikin aikinsa. Kullum sai ya share ƙarƙashinsa. Ya samo baƙin mai wurin mai injin niƙa yana shafa wa ƙafafun don gara. Kuma lokaci-lokaci, ba gaira ba dalili, sai ya aiko a kira ni daga aji, ko ya tare ni a hanyar gida. “Lawali, taho ka karanta mani allon ga.” Ni kuma in karanta masa abin da babu a jiki. Har wani tsohon abokin aikinsa ya zo daga Funtuwa, shi ma ba boko, ya sa na karanta masu sau uku suna tafawa. Shekara bakwai muna haka. Tun ina jin faɗuwar gaba har na saba, har nakan sa masa ɗan kari a murya don ya ji daɗi.

Da aka fara maganar sabon layin dogo a rediyo, aka ce ta can wajen Kazaure da Daura zai bi, mun zaci abin zai kwantar da shi. Ina! Ya ce injiniyoyin yara ne, in sun girma za su gyara. Na ce to bari in ɗauki shatar mota in kai shi ya ga aikin da idonsa, ko ya taka katako ya tuna da.

Ya ce, “In na tafi na gan shi a garin wasu, na sallama ke nan. Ni a nan zan tarbe shi.”

Ciwonsa bai yi tsawo ba, bayan an gama yankan gero ne. Ranar da zai cika na je da hantsi, da niyyar yau sai na faɗa masa. Na zauna a bakin gadonsa. Ya daɗe yana kallona, kamar mai jiran wani abu. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa ko ya sha kunu. Ya ce ya sha. Ya ce a canza igiyar rijiya kafin ta tsinke da wani. Na ce to. Na tashi na fita, kafin azahar aka aiko.

Bayan an yi bakwai, abin ya hana ni sukuni, na shirya na tafi sakatariya a Kankia na roƙi a mayar da tsohon suna. Ma’aikacin ya saurare ni da mutunci, ya ce Malam, sunan ya riga ya shiga katin zaɓe da takardun haihuwa da na asibiti, ba abu ne da mutum ɗaya zai juya ba. Na dawo na tuntuɓi matasan gari, suka ce wane jirgi kuma? Ban ga laifinsu ba, ni na koya masu sabon sunan a aji da bakina.

Sai na wuce wurin Inna Kulu tana cikin takaba. Na durƙusa na kwashe komai na faɗa mata, da maganar maƙabarta, da biron da na ɗauka washegari. Ta bar ni na gama.

Ta ce, “Lawali, ai ya sani.”

Na ce, “Inna, ya san me?”

Ta ce, “Sati biyu da kafa allon, wani direban motar taki ya tsaya ya same shi shina shara a gindinsa. Ya nuna allon ya ce, Baba, nan ne Unguwar Nomau ko, kamar yadda aka rubuta? Kawunka ya ce mashi nan ne. Ya shigo gida ya zauna, ranar ko ruwa bai sha ba sai magariba. Kuma ya san ba sakatariya ba ce, ya ce takardar a hannunka take.”

Na ce, “To me ya sa yake kirana in karanta masa? Shekara bakwai, Inna!”

Ta ce, “Ni ma na tambaye shi. Na ce Nomau, mi ya sa kake wahalar da yaron ga kana wahalar da kanka? Ya ce, Kulu, ni na san nauyin maganar da mutum ya faɗa bai cika ba, na ɗauke shi tun ina saurayi. Ina kiransa ne ko wata rana za ya karanta mani gaskiya, in ce mashi na yafe. Kalmar tana nan bakina a shirye, shi nake jira.” Ta gyara mayafinta ta ce, “Ko ranar da ka zo da hantsin nan, da ka fita sai da ya ce mani, yau ma bai karanta ba.”

To jama’a, kun ji. Sau nawa ya tsayar da ni gaban allon nan, ban iya ƙirgawa, kuma kowane sau yafiya ce ya zo da ita zai ba ni, ni kuma ina sa masa kari a murya. Ban karɓa ba har aka rufe shi. Wannan ne ke tashina tsaye a tsakar gida ina magana ni kaɗai, iyalina suna zaton tsufa ne.

Allah ya jiƙan Kawu Nomau, ya haskaka kabarinsa. Allah ya haɗa shi da mutanen nan da suka amsa kiransa, su tarbe shi da fara’a, kada ya ji kunyar kowa a cikinsu. Kalmar da ya riƙe mani a bakinsa bai samu ya faɗa ba, ya Allah ka karɓa kamar ya faɗa. Ku taya ni da amin.